Herbarium: lambu ne, rumbu ne, kundi ne, ko taska?

Assalamu alaikum jama'a, malamaina da ƙannena. Kalma ɗaya nake so mu raba gardama a kanta a wannan zare: herbarium. Ɗaliban nazarin tsirrai da na haɗa magunguna a Jami'ar Ahmadu Bello da ta Bayero sun san wurin, don can ake tura su a tantance musu ganyen da za su yi bincike a kansa, a ba su lamba. Ma'aikatan gandun daji sun san babban da ke Ibadan. Amma da an zo faɗa da Hausa sai kowa ya kama gabansa, wani ya ce gidan ganye, wani ɗakin ajiye itatuwa, wani ya haɗiye Turancin yadda yake.

Ga abin da ake nufi, don wanda bai taɓa shiga ba. Ana ciro tsiro daga daji da ganyensa da furensa, da 'ya'yansa in an samu, in ƙarami ne har da saiwa. A shimfiɗa shi tsakanin takardu, a danne da katako biyu a ɗaure tamau. Kullum sai an canja takardun da suka sha danshi, in ba haka ba ya yi fumfuna ya ruɓe. In ya bushe ƙayau sai a manna shi a kan takarda mai kauri, a liƙa wata 'yar takarda a gefe: ina aka samo shi, ran nawa ga wata, wa ya ciro, a fadama yake ko a jigawa, wane launi furensa yake kafin ya bushe. Wannan 'yar takardar ita ce ran abin. In babu ita, yayi kawai ka tara. Irin waɗannan takardu dubbai, wani wurin miliyoyi, jere cikin kabad bisa dangi, ana kare su daga ƙwari. Tarin da ginin duka su ake kira da wannan kalma.

Shawara huɗu aka kawo tun da na fara tambaya: lambun tsirrai, rumbun tsirrai, kundin tsirrai, taskar tsirrai. Zan auna su da rayuwar mutum ɗaya, don a kansa ne bambancin waɗannan abubuwa ya fi fitowa fili, har ya sa shi baƙin ciki.

Ferdinand Müller Bajamushe ne, an haife shi a Rostock a 1825. Tarin fuka ya kashe iyayensa biyu da yayarsa. Ya koyi haɗa magunguna tun yana yaro a garin Husum, ya yi digirin dakta a jami'ar Kiel a kan tsirran kudancin Schleswig. Aka ba su shawara su nemi ƙasa mai ɗumi saboda lafiya, sai ya ɗauki ƙannensa mata biyu suka hau jirgin ruwa, suka sauka Adelaide ta kudancin Ostireliya a Disambar 1847, yana ɗan shekara 22. Ba ci-rani ya je ba. Ya karɓi takardar zama ɗan ƙasa, ya mai da rubutun sunansa Mueller yadda Ingilishi za su iya, kuma har ya mutu bai sake taka Turai ba. Ya yi aiki a wani kantin magani, ya taɓa noma bai daɗe ba ya bari, duk ranar da ya samu sarari yana daji yana ɗibar ganye. A 1852 ya koma Melbon, lokacin da haƙar zinariya ta cika garin da kuɗi da baƙi. A 1853 gwamna La Trobe ya naɗa shi masanin tsirrai na gwamnatin Biktoriya, wato yankin da Melbon ke ciki, kuma a shekarar ya kafa tarin da muke nema wa suna. Tarin na nan har yau, ya kai kimanin samfur miliyan ɗaya da rabi.

A 1855 zuwa 1856 ya bi ayarin Augustus Gregory zuwa arewacin ƙasar, suka shiga ta kogin Biktoriya suka ratso ta ƙasa har gabar gabas. Ya dawo da tsirrai kusan iri 2,000, wajen 800 daga ciki masana Turai ba su san su ba. Wani abin da zai ba ku sha'awa: akwai kuka a arewa maso yammacin Ostireliya, gajeruwa mai ƙaton ciki, 'yar'uwar tamu ce ta jini. Tamu a littattafai Adansonia digitata, waccan Adansonia gregorii, kuma Mueller ne ya raɗa mata sunan don girmama shugaban ayarin. Duk inda kuka ga F.Muell. a bayan sunan tsiro, hannunsa ne. Shi ne kuma ya raɗa wa Macadamia suna, da sunan abokinsa John Macadam.

To mu fara da lambu. Hajiya da kika kawo wannan, na fahimci dalilinki: kowa ya san lambu, ba sai an yi bayani ba. Amma ji abin da ya faru. A 1857 aka ƙara wa Mueller muƙamin darektan lambun gwamnati na Melbon. Shi a ganinsa lambu makaranta ne, a jera itatuwa bisa danginsu, a gwada wanda zai yi katako da wanda zai yi magani. Masu kuɗin gari kuwa wurin shan iska suke so, ciyawa shimfiɗe, tafki, furanni, inda za a fito da iyali ran Lahadi. Jaridu suka sa shi gaba. A 1873 aka cire shi, aka kawo William Guilfoyle, wanda ya sake fasalin wurin ya zama abin da masu yawon buɗe ido ke gani yau. Abin ya ci Mueller ƙwarai, har ana cewa bai sake shiga lambun ba. Amma busassun takardunsa suna hannunsa, ya ci gaba da riƙe su har mutuwarsa ran 10 ga Oktoba 1896. An ƙwace masa ɗaya an bar masa ɗaya, to ta yaya za mu kira su da suna guda? Lambu na masu rai ne, ana ban ruwa ana sassabe. A bar shi wa lambun nazarin tsirrai. Herbarium kuwa ruwa shi ne babban abokin gabarsa.

Rumbu ya fi wuyar turewa, kuma ɗan'uwanmu na Maraɗi ya kare shi da kyau. Busasshen abu ake zubawa, ana tsare shi daga gara da danshi, ga shi har mun saba da rumbun bayanai a harkar kwamfuta. Gaskiya ne, Malam. Ƙorafina biyu ne. Abin da ke rumbu na ci ne, ana ɗiba yana raguwa, kaka ta zo a sake cikawa. A can kuwa takardar da aka manna a 1856 ana so a same ta a 2056 ba ta ragu da ko ganye ɗaya ba. Na biyu, akwai wani wurin da ya fi cancanta da wannan suna, wato inda ake ajiye iri mai rai don a sake shukawa, kamar ɗimbin irin waken da cibiyar binciken aikin gona ta IITA ke ajiye da shi a Ibadan, ko babban ɗakin Svalbard na ƙasar Norwe da aka buɗe a 2008. Wannan shi ne rumbun iri, ba ko tantama. In muka kashe kalmar a nan, gobe za mu rasa abin kiran wancan.

Kundi ne ya fi jan hankalina da farko, kuma malamin makarantar allon da ya kawo shi ya ga abin da wasu ba su gani ba. Kundin malam warƙoƙi ne a sake, ba ɗinki, a naɗe cikin fata, ana ƙara sabo a tsakiya, ana gadonsa, ana komawa gare shi in an yi saɓani. Allah ya gafarta Malam, siffar ta yi daidai ƙwarai. Sai dai Bahaushen yau in ya ji kundi littafi yake gani, kundin tsarin mulki, kundin digiri. Kuma akwai littafin da ke jiran wannan suna. Masana na rubuta babban littafi da ke bayanin duk tsirran wata ƙasa ɗaya bayan ɗaya, da yadda za a rarrabe su, su suna ce masa Flora. Nan ne baƙin cikin Mueller na farko, tun kafin na lambu.

Burinsa shi ne ya rubuta na Ostireliya. Wa ya fi shi sanin dajin? Amma shugabannin lambun Kew da ke Landan, William Hooker da ɗansa Joseph, suka ce ba zai yiwu daga Melbon ba. Hujjarsu kuwa tana da ƙarfi, ko da akwai ƙanshin raini a ciki. Samfuran farko da aka raɗa wa tsirran ƙasar suna a kansu, irin waɗanda Joseph Banks da Robert Brown suka kwaso, duk suna Turai. Wanda bai ɗora sabon ganye kusa da tsohon ya gwada ba, zai yi ta raɗa wa mai suna sabon suna. Aka ba George Bentham aikin, mutumin da bai taɓa zuwa Ostireliya ba. Mueller ya haɗiye, ya riƙa ɗaure tarinsa dangi-dangi yana aikawa Landan ta jirgin ruwa, Bentham ya duba ya mayar. Flora Australiensis ya fito juzu'i 7 daga 1863 zuwa 1878, a bangonsa sunan Bentham, Mueller kuwa mataimaki. Ni dai ina ganin an rage masa haƙƙi, amma ban ce Hooker ƙarya ya yi ba. Mueller ma ya gane inda gizo ke saƙa, shi ya sa ya matsa wa gwamnatin Biktoriya har ta sayi babban tarin Otto Sonder na Hamburg a 1883, aka kawo Melbon.

Irin wannan ta faru da mu. Babban littafin tsirran yammacin Afirka da John Hutchinson da John Dalziel suka fitar tsakanin 1927 da 1936 a Kew aka rubuta shi, don can takardun suke. Dalziel likita ne da ya yi aiki a Arewa, shi ne ya wallafa ƙamus na sunayen tsirrai da Hausa a 1916. Saboda haka abu biyu ne: wurin ajiya daban, littafin da ake rubutawa daga gare shi daban. Littafin shi ne kundin tsirrai. Malam, kalmarka ba ta faɗi ba, gida aka canja mata.

Saura taska, kuma ita na zaɓa. Taska ɗaki ne na ajiyar abin da ake ji da shi, ba na cefane ba, yana da mai tsaro, ba a shiga sai da dalili. Mun riga mun saba da taskar tarihi da taskar labarai, kunne ba zai yi baƙunta ba. Tana ɗaukar ginin, tana ɗaukar abin da ke ciki, kamar kalmar da muke fassarawa. Ta kuma zo da sunan ma'aikacinta a hannu: ma'ajin taska. Wanda ya ce ma'ajiya ko ma'adana bai yi kuskure ba, sai dai sun yi faɗi, sito ma ma'ajiya ne. Taskar tsirrai ke nan. Ba na ganin sai an cusa "busassu" a ciki, suna ba bayani ba ne.

Ƙanena da ka ce kuka ta fi ƙarfin a kira ta tsiro, a ce shuke-shuke: shuka abin da hannu ya sa a ƙasa ne, wa ya shuka sabara da geza? Mafi yawan abin da ke taska na daji ne. Tsirrai ya riga ya zauna a makaranta da rediyo, a bar shi.

Sunan mai wannan ilimi kuwa, masanin tsirrai, ba gardama. Amma kada a haɗa shi da mai ɗibar samfur, don aiki biyu ne ko da mutum ɗaya ya yi su. Bayan Mueller ya rage shiga daji, jama'a ne suka riƙa aiko masa ta gidan waya: makiyaya, 'yan mishan, masu awon ƙasa, ma'aikatan tangaraho, da mata da 'yan mata fiye da 200 da aka gano sunayensu. Yana amsa musu da wasiƙa, wani lokaci ya raɗa wa tsiro sunan wanda ya aiko. 'Yan asalin ƙasar kuwa, da suka san amfanin itatuwan nan dubban shekaru kafin jirgin farko ya iso, da wuya ka ga sunansu a 'yar takardar gefe. Haka manoma da makiyaya da masu maganin gargajiyar da suka faɗa wa Dalziel sunaye. Ɗalibanmu masu cika taskokinmu yau, ku riƙa rubuta sunan Hausa da na Fulfulde da na Kanuri, da wanda ya nuna muku in ya yarda.

Wani ya tambaya ko Mueller ne ya kawo mana itacen turare da ke shingayen kare hamada. Turare dai ɗan Ostireliya ne, kuma Mueller ya yi ta tallarsa yana aika irinsa ƙasashe kamar Aljeriya da Indiya da kudancin Turai, har ya rubuta littafi guda a kansa. Iyakar alaƙar da zan tsaya a kai ke nan.

Akwai kalma ɗaya da ta rage, ita ce ta samfurin da aka raɗa sunan a kansa, wanda duk duniya ke komawa gare shi in an yi musu, irin waɗanda rashinsu ya hana Mueller rubuta kundinsa. An kawo samfurin asali, an kawo uwar samfur. Asali na iya sa a zaci shi ne wanda aka fara cirowa, alhali ba dole ba ne, wani lokaci daga baya ake zaɓarsa cikin tsofaffin. Uwa ta fi mini, yadda muke cewa uwar kuɗi da uwar jiki, amma ina so in ji ta bakin waɗanda ke aiki a taskar Zariya da ta Ibadan da ta Yamai kafin mu rufe wannan. Malamai, bisimilla.