"Ba ni da ko sisin kwabo": sisi ne ko kwabo?

Ɗan Fagge: Jama'a, jiya yarona ya tsare ni da tambaya. Ya ce in ba shi kuɗin tara, na ce ba ni da ko sisin kwabo, sai ya ce, "Baba, mene ne sisin kwabo?" Na buɗe baki na rasa ta cewa. A wannan karin maganar, sisi ake nufi ko kwabo?

Malama a Zariya: Duk biyun Turanci ne muka are. Sisi daga sixpence, wato kwabo shida. Kwabo kuma daga copper, jan ƙarfe, don har yau a Ingila ƙananan tsaba coppers ake ce musu. Su ma Turawan aro suka yi daga Latin, asalinta sunan tsibirin Kubrus ne, inda Rumawa ke samo jan ƙarfe. Ka ga sisin kwabo kwabo shida ke nan.

Baba Tsoho: Malama kin yi daidai, amma ku yara kun raina sisi. Lissafin da shi ne kwabo 12 sule ɗaya, sule 20 fam ɗaya. Taro kwabo uku, sisi shida, nai tara. Ƙasa da kwabo akwai ɗari, rabinsa ke nan, sannan anini, wanda sai ka tara goma su zama kwabo. Kwabon mai huda ne a tsakiya, mahaifiyata a zare take jera su ta ɗaure a bakin zane. Ranar da ta ba ni sisi ranar sallah ce. Wanda ya tsiyace da gaske "ko anini" yake cewa.

Ɗan Fagge: To Baba, me ya sa sisi ya fi anini zama a baki?

Malama a Zariya: Ina jin canjin kuɗi ne ya raya shi. Ranar 1 ga Janairu 1973 naira ta shigo, fam ɗaya ya koma naira biyu, sule ya koma kobo 10. Rabin sule kuwa kobo 5, mutane suka ci gaba da ce masa sisi. Sunan yana cewa shida, kuɗin yana biyar. A Ingila ma sixpence ya daina aiki a 1980, bayan an fara buga shi tun 1551.

Mai Shayi: Ni ban yarda wannan karin magana ce ba. Ina hikimar? Furuci ne kawai na mai gudun ba da bashi. A teburina kullum nake jin ta, daga bakin wanda ya gama shan shayi da ƙwai uku.

Baba Tsoho: Ɗana, "babu taro babu sisi" fa, ita ma ka kore ta? Kafin Bature ma "ko wuri" ake cewa, wato farin ƙwanson nan da ake ciniki da shi a da, kalmar kuɗi kanta jam'in wuri ce. Tsabar kawai ake sauyawa.

Mai Shayi: Baba, da girmanka, wannan ma salon magana ce. Karin magana sai ta ɓoye wani abu, wannan kuwa aljihu ta zazzage a fili.

Bamaraɗe: Mu a nan Nijar da dala muke ƙirge, wato sefa biyar, jaka ɗaya dala 200. Ɗan Fagge, a ƙarshe dai ka ba yaron kuɗin tarar ko kuwa?

Ɗan Fagge: Uwarsa ta ba shi.