Ɗan tauri a teburin Dungeons & Dragons

Daren Asabar a Garwa, muna shan shayi, na baje takardar ajin (wato nau'in jarumi) da na ƙirƙira wa wasanmu na Dungeons & Dragons, wasan tebur da kowa ke taka rawar wani jarumi a cikin labari: ɗan tauri, wanda ƙarfe ba ya cinsa. Na so shi ƙwarai, shi ya sa na loda masa komai.

Yayanmu mai jan wasan ya fara da cewa in gwada shi da abin da ke akwai. Barbariyan, ajin mayaƙi mai faɗa cikin fushi, a bugu na 5 na dokokin wasan yana da ɗan lido mai fuska 12 na ƙarfin jiki, fushinsa yana rage rabin illar sara da suka da duka, amma sau 2 kacal a matakin farko kafin ya yi dogon hutu. To, taurin nawa ma a ƙayyade shi haka. Ƙarfe ya rage masa zafi, kada ya zama ba ya taɓa shi sam.

Kowa ya yarda a bar masa lago: wuta da tsafi su ci shi sosai, domin boka da maharbi su samu abin yi.

Sai gwaji. A buga shi a mataki na 1, da na 5 inda mayaƙa ke samun hari na biyu. In abokan wasa suka koma 'yan kallo, a rage masa ƙarfi.