Neman taimako kan haƙori da zoben jig ɗin haɗa durowa

Salamu alaikum iyayen gidana kafintoci, don Allah a taimaka min. Atiliyena na Birni nan Damagaram, na yo odar jig ɗin dobtel (ƙarfe mai yatsu da ake bi a yanka haɗin katako mai shiga juna) daga Kano don haɗa kusurwar durowa, takardarshi ta ce zoben jagora mai 11,1mm da haƙori 12,7mm digiri 14, to defonsez ɗina (injin sassaƙa katako mai juya haƙori) zoben da ya zo da ita 17mm ne baya shiga tsakanin yatsun jig ɗin ko kaɗan. Haƙorin kuma ƙafarshi 6,35mm ce, bakin defonsez mai riƙe haƙori na 8mm ya mashi yawa na 6mm ya mashi kaɗan, ina tsoron in tilasta ya fizge. Mai tur (mai injin juya ƙarfe) zai iya yanko min zobe daidai? Bakin 1/4 na inci (6,35mm) fa ana samu kasuwar Dole? Kayan ɗakin amarya ne wallahi lokaci ya matse.