Suna so su sa sunana cikin amintattun ƙungiyar kare duniya daga halaka

Mai tambaya:
Assalamu alaikum 'yan uwa, shawara nake nema. Na gama karatun kwamfuta a Samaru, yanzu ina ɗan gyaran waya a PZ kafin Allah ya kawo aiki. Wata ƙungiya daga waje ta neme ni ta hannun abokin karatuna. Wai aikinsu kare bil'adama daga bala'in da zai iya shafe kowa: annoba, makaman ƙare-dangi, da ƙirƙirarriyar basira idan ta gagari masu ita. Za su buɗe reshe a Zariya, su yi rajista da CAC, hukumar rajistar kamfanoni da ƙungiyoyi, a sa ni cikin amintattu, in riƙa haɗa musu taro da ɗalibai. Alawus da dala ne. Da na tambayi mai ba su kuɗi, sai aka ce wasu attajirai ne da ba sa son a ambace su. Baba ya ce tashin duniya ba aikin ƙungiya ba ne. Ni kuwa dalar tana jan hankalina. Ta yaya zan gane na gaskiya ne?

Wani malamin jami'a, Samaru:
Wa alaikumus salam ƙanina. Baba bai yi ƙarya ba, Sa'a sanin Allah ce, amma annoba da bam ai hannun mutum na ciki, kuma ana rage su. Agana ta ci mutane ba adadi, a 1980 aka tabbatar an kawar da ita daga doron ƙasa. Kai, ba sai ka je nesa ba. A nan jami'ar Ahmadu Bello akwai na'urar binciken nukiliya, a 2018 aka cire mata uranium mai ƙarfi, irin wanda ake tsoron a haɗa makami da shi, aka sa mata mai rauni, aka mayar da tsohon China, hukumar nukiliya ta duniya, IAEA, tana sa ido. Wannan aiki ne da za ka nuna da yatsa ka ce ga shi.

Matsalar irin ƙungiyoyin nan, in duniya ta kwana lafiya sai su ce ai aikinsu ne, ba ka da yadda za ka ƙaryata. Saboda haka kar ka tambaye su ko sun ceci duniya. Tambaye su me suka yi bara: wane bincike suka wallafa, wa ya duba shi da ba yaronsu ba, wace doka ko wane tsari ya canja ta dalilinsu. In amsar duk taro ce da hotuna a otal, ka san inda aka dosa.

Wata akanta, Sabon Gari:
Malam ya yi maganar aiki, ni ta takarda zan yi. Yallaɓai, amintacce ba ɗan aike ba ne. Sunanka ne a CAC, kai za a nema kan rahoton shekara, banki kuma zai bukaci takardar SCUML, sashen yaƙi da halasta kuɗin haram da ke ƙarƙashin EFCC. Ranar da aka tambayi daga ina kuɗin nan suka shigo, su suna can ƙasarsu, kai kana Tudun Jukun. In a Amurka suke da rajista, fom 990 ɗinsu, wato rahoton kuɗinsu na shekara, a buɗe yake ga kowa. In Ingila ce, hukumar kula da ƙungiyoyin agaji tana sa rahoton kuɗinsu a intanet. Ɓoye mai bayarwa ga jama'a abu ne da ake yi, amma ɓoye shi ga amintacce? A'a. Ka tuna FTX, kamfanin hada-hadar kuɗin kirifto: asusun tallafinsa na cikin manyan masu zuba kuɗi a wannan harkar, kamfanin ya rushe a Nuwamba 2022, aka yanke wa mai shi Sam Bankman-Fried ɗaurin shekara 25, har aka bi waɗanda suka karɓi tallafi ana cewa su dawo da shi.

Wani daga Kwangila:
Oga karɓi dalarka kawai, wa ya ƙi?

Wata Hajiya, Tudun Wada:
Kai ɗan nan na Kwangila, in aka zo kamu kai za ka tsaya masa? Ɗana, ni abin da ke damuna daban ne. Kusan rubu'in masu zazzaɓin cizon sauro na duniya a Najeriya suke. Shiga ɗakin yara a asibitin Shika da damina ka gani, uwa biyu a gado ɗaya kowa riƙe da nata. Ban ce a bar tunanin gobe ba, Ebola ta shigo Legas a 2014, da ba a yi shiri ba da mun ji a jikinmu. Amma ka tambaye su me Zariya za ta samu. Horar da masu gwajin cuta? Ko ɗalibai kawai suke so su cika musu kujeru?

Mai tambaya:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na tura musu saƙo ina neman lambar rajistarsu, rahoton odita na shekara biyu, da sunayen waɗanda ke iya sauke shugaban. Na ce taron ɗalibai zan iya haɗawa a biya ni ladana, amma sunana ba zai hau takardar CAC ba sai na ga waɗannan. Hajiya, tambayarki ma na sa ta a ciki. In sun amsa zan kawo muku nan, musamman Anti akanta, don ni lissafin odita ba na gane kansa.