Canjin plaket da disk na Corolla a gida

Haruna: Salamu alaikum ƴan zaure. Corolla ce, in an taka birki sai ta yi ƙugi a gaba, sitiyari kuma yana rawa. Plaket kaɗai zan canza, wato takalmin birki, ko har da disk, faifan ƙarfen da plaket ke matsewa? A gida nake son yin aikin, nan Yamai.

Malam Isufu: Wa alaikumus salam. Ƙugin na plaket ne, rawar sitiyari kuwa disk ce. Plaket in ya sauka zuwa milimita 3, ya gama aiki. A jikin disk an buga MIN TH da lamba, wato mafi ƙarancin kaurin da aka yarda da shi. In kaurinta ya sauka zuwa nan, ko ta yi zane mai zurfi har farce na maƙalewa, canza ta. Kuma dama da hagu tare, in ba haka ba motar za ta riƙa ja gefe guda.

Abdu Makanike: Ƙanena, sassauta kusoshin taya da kile 21, wato sifana mai lamba 21, tun motar na ƙasa, sannan ka ɗaga. Kar ka dogara da kirik, wato jak ɗin ɗaga mota, kaɗai, ka tokare da ƙarfe ko kututturen icce. Bulon siminti fashewa yake ba sallama. Kile 14 yana kwance etiriye, wato ƙarfen da ke matse plaket a jikin disk, 17 kuma maƙalarsa. Rataye etiriyen da waya. In ka bar shi yana lilo a kan tiyon man birki, tiyon zai lalace daga ciki, ido ba ya gani. Disk in ta ƙi fita, tana da ramuka biyu: ɗaura ƙusa mai zare, bulon M8, a ciki, za ta taso da kanta.

Haruna: Fiston ɗin cikin etiriye mai tura plaket fa, yaya ake mai da shi ciki?

Abdu Makanike: Buɗe murfin man birki tukuna. Ɗora tsohon plaket a kan fiston, ka matse a hankali, kana duban man kar ya malalo, don yana cin fenti.

Sani Tawa: Abin da mutane ke tsallakewa shi ne goge wurin da disk ke zama. Tsatsa ko yashi kaɗan in suka saura, sabuwar disk za ta zauna a karkace, rawar ta dawo, a ce kayan ne jabu. Goge da buroshin ƙarfe har ya yi fes. Sabuwar disk ma da mai take zuwa don kar ta yi tsatsa, a wanke shi. Sai sandunan nan biyu da etiriye ke zamewa a kansu: ƙurarmu tana daskarar da su, shi ya sa za ka ga plaket ɗaya ya ƙare, ɗan'uwansa kamar sabo. Giris na silikon ake sa musu, na gama-gari yana kumbura robar.

Malam Isufu: Haka ne. Plaket ɗin kasuwa kuma, Haruna, tafi da tsohon a hannu a gwada, don Corolla iri-iri ce.

Alhaji Bubakar: Ni ban yarda da tsohuwar disk ta kasuwar Katako ba sai an auna ta a gabana.

Abdu Makanike: Gaskiyarka, Alhaji. Haruna, kusoshin taya a ɗaure su ana tsallake ɗaya, ƙarfin ɗaurin ya kai Nm 103 a kile mai ma'auni. Kafin motar ta motsa, taka birki sau da yawa har ya yi tauri, don takun farko wayam yake. Duba man, ka cika da irin da aka rubuta a murfi, DOT 3 ko DOT 4. Daga nan sami hanya marar cunkoso, ka rage gudu daga kilomita 50 zuwa 10 a awa kamar sau goma ba tare da tsayawa cak ba, plaket ya kama disk.