Taƙaitawa: tafiyar da cibiyar binciken ciwon daji ta jami'a a Garwa, Kamaru

An tattauna yadda za a tafiyar da cibiyar. Inda baki ya zo ɗaya:

1. Kowane tallafi da asusunsa. Kada a ɗebi kuɗin wani aiki a cike giɓin wani, ko da aro ne.

2. Ba a ɗaukar samfur daga jikin majinyaci sai kwamitin ɗa'a ya amince. Takardar yarda a karanta wa majinyaci da Fulatanci ko Hausa. Faransanci kaɗai bai isa ba.

3. Firizar ajiye samfur mai sanyin digiri 80 ƙasa da sifili, nan aka fi daɗewa ana tattaunawa. A zafin Maris da Afrilu, in wuta ta ɗauke, aikin shekaru na iya lalacewa cikin yini guda. Sai janareta mai tashi da kansa, man ajiya, da littafin rubuta sanyi safe da yamma, har Lahadi.

4. Tsokar da aka yanko: a sa ta cikin fomalin (sinadarin da ke hana ta ruɓewa) mai ƙarfin kashi 10 cikin ɗari, ninki goma na girmanta. Lamba a jikin kwalba, ba a murfi ba, don murfi yana musanyuwa.

5. Rajistar majinyata: manhajar CanReg5 ta IARC (hukumar binciken ciwon daji ta duniya), kyauta ce.

Inda aka rabu: wa zai sa hannu a sayayya? Wasu sun ce darakta. Wasu sun ce jami'in gudanarwa, har zuwa wani adadin sefa da aka yanke. Ina tare da na biyun, don darakta yana ɗakin tiyata, odar sinadarai tana kwana a tebur.