Ta yaya ake ƙirga ƙwayoyin da ido ba ya gani a can ƙololuwar sama?

Dan_Fagge: Jama'a salamu alaikum, malaminmu ya ce a sama wajen kilomita 10 zuwa 20 akwai ƙwayoyi kamar na ƙura a iska da ba su kai nanomita 100 ba (nanomita miliyan ɗaya ne ke yin milimita ɗaya), to ni abin da ya ɗaure min kai, wa ya hau can ya ƙirga su?

Hajiya_Kimiyya: Wa alaikumus salam ƙanena. Ai ba a ƙirga su haka nan, sai an kumbura su tukuna. Akwai wata na'ura da ke zuƙo iska ta bi da ita cikin tururin sinadarin butanol ko wani ruwa, sai a sanyaya, tururin ya taru a jikin kowace ƙwaya ta zama ɗigo, sannan hasken lesa ya gan ta a ƙirga. Kamar dai yadda raɓa ke kama ciyawa da asuba.

Dan_Fagge: Ikon Allah! Anti to da me ake kai na'urar?

Sani_Zinder: Jirage da balan-balan. NASA, hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, na da jirgin ER-2 mai hawa kusan kilomita 20. Kuma abin ya zo har gida fa, a 2006 an harba balan-balan daga Yamai lokacin damina, jirgin Rasha Geophysica kuma yana tashi daga Wagadugu, don hadarin yankinmu yana cilla iska sama sosai.

Hajiya_Kimiyya: Wahalar ita ce iskar can ba ta da nauyi ga sanyi har ƙasa da digiri -70 a ma'aunin Celsius, ƙwayoyin ma maƙalewa suke a bututu kafin su iso.

Bala_Direba: Ni da na ɗauka ƙurar hunturu kuke nufi wallahi.

Sani_Zinder: A'a malam Bala, waccan ai gwaska ce a kansu.